Aski da Loma a Shagon Farfesa

A layin shagunan da ke bayan tashar bas, ba wanda bai san Farfesa mai aski ba. Bai taɓa taka harabar jami'a ba, sai sau ɗaya da ruwan sama ya tare shi ya fake a ɗakin mai gadi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan: ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya yi maka bayanin yadda ake ƙera agogo. Hannunsa kuwa, a faɗi gaskiya, yana da kyau a kan kai. Cikinsa ne ya lalata shi.

Kullum da safe, kafin ya kunna injin aski, sai ya fito da kujera bakin ƙofa ya baje karin kumallonsa a idon jama'a. Ya ɓare ayaba, ya tsaga ta biyu, ya jera sardin a tsakiya, ya tsiyaya zuma a kai. Shayi kuma ba ya shansa sai ya yanka albasa tana iyo a ciki. In ya kai loma baki sai ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana gyaɗa kai.

Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya leƙo wata safiya da tef rataye a wuya.

"Farfesa, don Allah ka juya mana baya. Tun ɗazu nake son zura zare a allura, idona na ta hawaye."

"Jahilci ne ke sa ka hawaye, ba albasa ba. Kai da kake jiƙa biskit a ruwan famfo ka ce ka ci abinci."

"Nawa dai bai taɓa cutar da dabba ba. Jiya na ga ƙuda ya sauka a farantinka, ya tashi yana tangaɗi."

"Daɗi ne ya bugar da shi!"

Suna cikin wannan sai ga Mai Shaguna, dattijon da ya mallaki layin gaba ɗaya. Shekarunsa sun haura saba'in, amma gashin kansa baƙi wuluk kamar na ɗan ashirin da biyar. Yakan ce gado ne daga wajen kakansa. Farfesa kaɗai ya san gaskiya, don shi ne ke jan labule duk wata ya shafa masa rini.

Mai Shaguna ya dubi farantin, ya ja da baya taku biyu, sannan ya ce, "Wa'adin hayarka zai cika ƙarshen wata. Akwai wani mai sayar da waya da ya dame ni, ya ce in na ba shi shagon nan zai cika layin da jama'a. Kai kuwa duk sanda na wuce, kujera ɗaya na barci, ɗaya kai ne a kanta."

Farfesa ya lashe zumar da ke yatsansa, ya miƙe tsaye.

"Baba, ka ba ni mako biyu. Wallahi sai an kawo ɗan sanda ya riƙa ba da hannu a ƙofar shagon nan."

"Da me?"

"Aski da loma! Mutum ya zauna, sama ana gyara masa kai, ƙasa ana gyara masa ciki. Ba a taɓa yin irinsa ba a duniya."

Tela ya ce, "Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa ba a taɓa yi ba?"

"Saboda ba a haifi irina ba sai yanzu."

Mai Shaguna ya ce ya ji, mako biyu, ya wuce yana toshe hanci da hankici.

Da rana tsaka Farfesa ya rufe shago ya nufi gida da mai kura. Matarsa, Maman 'yan biyu, ta fito daga wanka ta tarar da firij ɗinta a tsakiyar falo, an kwashe kayan ciki an jibge a kan kujera, mijinta na rungume da injin markaɗe.

"Abban 'yan biyu, tashi za mu yi ban sani ba?"

"Tashi za mu yi sama. Nan da wata shida sai kin riƙa ganina a talabijin."

"A labaran haɗari? Ajiye mini injina."

"Aro na yi. Za ki ci riba."

"Wane riba? Mutumin da 'ya'yansa suka ce gara su tafi makaranta da yunwa da su ci ƙwan da ya tsoma a madarar gwangwani? Shekara tara ina ɓoye ka in mun yi baƙi, yanzu kai da kanka za ka je ka tona mana asiri a kasuwa?"

"Duk wani babban masani, a gidansa ake fara raina shi."

"Kai har a waje an raina ka, ka huta. Firij ɗin nan in ya dawo yana warin kifi, a cikinsa za ka riƙa kwana."

Ta bi su har bakin titi tana faɗa, mai kura na ta sauri kamar wanda ya yi sata.

Washegari layin ya wayi gari da sabon allo, rubutun da jan fenti: ASKI DA LOMA. KA SHIGO DA GASHI, KA FITA DA ƘOSHI. A ƙarƙashinsa jerin abinci. Taliya da kankana da tafarnuwa. Biredi da man gyaɗa da ɗanyen tumatir da gishiri. Dafaffen ƙwai a cikin madara mai sukari. Sai na musamman, wanda ya sa wa suna Sarauniya: narkakken cakulan da man sardin, ana dangwala da dankali.

Shagon ƙarami ne, don haka sai da aka yi rabon wuri. Kantar da yake jera kayan aski ta koma ta faranti. Kayan askin kuwa, kwanon rini da gwangwanin kumfa da su buroshi, ya tura su cikin firij, ya ce ai rini in ya yi sanyi ya fi kamawa. Kwanukan da ya sayo na abinci irin na rinin ne sak, fararen roba, don a shago ɗaya ya same su.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa wani direban tasi ne, ƙato mai faɗin wuya, da ya shigo a gaggauce a rage masa gashi.

"Ka ci sa'a, Direba. Kai ne na farko a tarihi."

"Tarihin me? Ni saisaye nake so, fasinja na jirana."

Kafin ya rufe baki an ɗaure masa ƙyalle a wuya, an ɗora masa faranti a cinya. Direba ya leƙa.

"Wannan jan abin fa?"

"Kankana."

"A cikin taliya?"

"Ita taliya tana ba da ƙarfi, kankana tana sanyaya injin. Kai direba ne, ka san mota ba ta tafiya da mai kaɗai, sai da ruwa."

Maganar ta ɗan shiga kunnen Direba. Ya ɗauki cokali. Injin aski ya fara kuka a kansa, gashi ya fara zubowa, ba inda yake sauka sai cikin farantin.

"Malam, gashi na shiga abincin!"

"Naka ne ai, ba na baƙo ba."

"To ni na ce maka ina cin gashina?"

"Bari in sa maka barkono, ba za ka ji shi ba."

Ya zazzaga garin barkono da hannun hagu, dama na riƙe da inji. Fanka ta kwashi garin ta watsa wa Direba a hanci. Ya ja numfashi sau ɗaya, sau biyu, sannan ya saki atishawar da ta sa madubi rawa. Kansa ya yi gaba, injin ya yi baya, ya share hanya fes tun daga goshi har ƙeya.

 Direba ya dubi madubi.

Tela, wanda ƙarar atishawar ta jawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai, titi ya yi kyau. Saura a sa fitilun hanya."

Direba ya cakumi Farfesa, da ƙyar aka raba su. Dole aka kwashe sauran gashin tas, Direba ya fita da kai kamar ƙwai, yana rantsuwa cewa duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ba shi labari. Farfesa ya bi bayansa da kallo ya ce, "Ka ji? Talla kyauta."

Kwana uku bayan haka, jama'a sun ƙaru a ƙofar shagon, sai dai masu ƙafa huɗu ne. Warin sardin ya tattaro magunan unguwa kaf. Wata ja, wata mai ido ɗaya, wasu baƙaƙe biyu da ba a san daga inda suka fito ba, duk sun jeru a kan bencin jira kamar masu bin layi. Tsofaffin kwastomominsa kuwa sun koma zagayawa ta bayan layi. Wani malamin makaranta da ya shekara goma yana aski a wurinsa ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya.

"Farfesa, ana iya askin kawai, ba loma?"

"Ba a raba su, Malam. Tsari ne."

"To zan tara gashin har tsarin ya wuce."

Mai shagon magani da ke ƙarshen layi ita kaɗai ce ta zo ta yi masa godiya, ta ce tun da ta buɗe shago ba ta taɓa ganin maganin ciwon ciki ya yi kasuwa irin wannan makon ba. Farfesa ya ɗauki maganar yabo, ya ba ta ƙwai a madara kyauta. Ta karɓa da hannu biyu, ta zagaya ta ba mai ido ɗaya. Magen ta sansana, ta dube ta, ta sauya benci.

Da mako na biyu ya zo ƙarshe, Tela ya same shi yana goge kujerar da ba wanda ya zauna a kai.

"Abokina, ka sauke allon nan tun da sauran mutunci. Ka mayar wa matarka firij, ka je ka ba Baba haƙuri."

"Ka san matsalar? Mutane ba su ɗanɗana ba. Harshen talaka matsoraci ne, sai an tura shi. Ranar Asabar zan yi gagarumin biki. Duk wanda ya cinye faranti ɗaya, aski kyauta har wata uku."

"Wanda ya mutu fa, magadansa za su karɓa?"

Farfesa bai kula shi ba. Ya aro lasifika, ya kwana biyu yana zagaya tasha da kasuwa yana shela har muryarsa ta dishe.

Ranar Asabar kuwa jama'a suka zo. Ba yunwa ce ta kawo su ba, labarin Direba ne. Kafin ƙarfe goma layin ya cika, har da masu hawa kan benci don su hango. Direban da kansa ya zo da hula, ya tsaya a gaba ya harɗe hannu. Farfesa ya fito da farar rigar kuku wadda Tela ya ɗinka masa da ragowar labule, da doguwar hula ta kwali. Ya jera faranti talatin a kan tebur a bakin ƙofa, ya hau kan akwati ya fara jawabi kan yadda ciki yake da ɗakuna bakwai, kowane ɗaki da abin da yake so.

Yana kan ɗaki na huɗu aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya. Firij ya yi shiru. Cikin shagon ya yi duhu, zafi ya taso. A daidai lokacin Mai Shaguna ya kutso ta cikin jama'a, sanye da kaya masu tsada, ya ja hannun Farfesa zuwa ciki ya yi masa raɗa.

"Ja labule. Ƙarfe ɗaya za a yaye autata daga makarantar koyon jinya, za a ɗauki hoto. Gefen kunnen nan ya fara fari. Yi sauri."

"Baba, ka ga jama'ar da na ce maka?"

"Na gani. Shafa mini abin nan tukuna."

Farfesa ya zaunar da shi, ya ja labule, ya buɗe firij a cikin duhu, ya laluba ya jawo farin kwano mai baƙin abu. Hankalinsa rabi na waje, inda ya ji wani ya fara ihun a dawo a ƙarasa ɗakunan ciki. Ya dangwala buroshi ya shiga shafawa, gaba da baya, har bayan kunne.

Mai Shaguna ya ɗan motsa hanci. "Yau rinin nan warinsa daban."

"Sabon samfuri ne, Baba."

"Kamar ina jin kifi-kifi."

"Mai ƙara wa gashi ƙarfi ke nan. Zauna minti ashirin, kada ka taɓa."

Ya sake buɗe firij ya ɗauki ɗayan kwanon da wani dogon gwangwani mai sanyi, ya fita ya dire kwanon a tsakiyar tebur. "Ga Sarauniya ta iso!"

Sai ya lura jama'a sun dare gida biyu. Wata mata ce ke tahowa a tsakiya, cikin kakin ma'aikatan tsafta, da allon rubutu a hannu da tabarau a kan hanci. Duba-gari ce, wadda duk mai sayar da abinci a yankin ke jin sunanta ya fara wanke hannu. Shelar lasifika ce ta kai har ofishinta.

Tela ya matso ya ce a hankali, "Ka ce kayan gidanka ne ka fito da su shan iska."

Farfesa ya ture shi. "Ranki ya daɗe, sannu da zuwa! Irinku masu ilimi nake nema."

Ta dubi faranti talatin. Ta dubi magunan da ke ƙarƙashin tebur. Ta sa bakin biro ta ɗago wani dogon gashi daga cikin taliya, ta riƙe shi a sama kowa ya gani.

"Wannan na cikin jerin abincin?"

"Tsautsayi ne, ranki ya daɗe. Bari in haɗa miki wanda ba ya cikin allo. Ayaba da kirim, na manyan baƙi."

Ya ɓare ayaba da sauri, ya girgiza dogon gwangwanin, ya fesa mata farin tudu mai kyau, har da ɗan lanƙwasa a sama. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Duba-gari ta dubi farantin, ta dubi gwangwanin da ke hannunsa, ta gyara tabarau. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Mai girki ne ke fara ci. Bismillah."

"Da ma haka ƙa'idar take!" in ji Farfesa. Ya juya ga jama'a. "Ku buɗe ido ku ga yadda ake cin abinci."

Ya cika cokali taf ya kai baki.

Ya lumshe ido kamar kullum. Yatsan ya fara tashi sama, ya kai rabin hanya ya tsaya. Kumatunsa suka kumbura. Wani sanyi mai yaji ya bi ta hancinsa ya fito masa ta ido. Ya gane abin da ya ci, ya kuma gane mutum ɗari na kallonsa. Sai ya runtse ido ya haɗiye.

"Yaya?" in ji Duba-gari.

"Da... daɗi."

"Ƙara."

Ya ƙara. Ya buɗe baki zai yi bayanin ɗakin cikin da wannan ke shiga, sai wani ƙaton ƙwan kumfa ya fito daga leɓensa, ya tashi a hankali, ya bi iska ya je ya fashe a kan hular Direba.

Tela ya karɓi gwangwanin ya karanta da ƙarfi, yana bin rubutun da yatsa. "Kumfar aski. Don fata mai laushi." Ya ɗago kai. "Farfesa, yanzu sai a tura reza ta bi bayanta."

Dariya ta ɓarke. Wani ya faɗo daga kan benci. Direba ya cire hula yana bugun cinyarsa da ita, kansa na ƙyalli a rana. Cikin hayaniyar, wani mai gyaran takalmi da ya ƙudura sai ya ci askin kyauta ya ɗauki dankali ya nufi kwanon tsakiyar tebur. Duba-gari ta cafke hannunsa a sama. Ta ɗaga kwanon ta sansana.

"Wannan rinin gashi ne."

Farfesa, kumfa na zubo masa a haɓa, ya dubi kwanon. Ya dubi labulen. 

Ba shi kaɗai ne ya gano inda Sarauniya take ba. Magunan sun riga shi. Daga bayan labule aka ji muryar dattijo: "Kai! Tafi can! Kai, wa ya sako mini... Farfesa! Farfesa!" Aka ji kujera ta faɗi. Labulen ya yi ciki, ya yi waje, ya tsinke daga ƙusa, Mai Shaguna ya fito a guje da ƙyalle a wuya, cakulan na gangaro masa ta goshi da bayan kunne, jar mage a kafaɗarsa tana lasar ƙeyarsa da iyakar gaskiyarta, baƙaƙen biyu na biye da shi. Ƙudajen da suka yini suna shawagi a kan tebur suka bar faranti talatin suka koma kansa.

"Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Mai shagon magani ta ɗauko bokitin wanke faranti ta sheƙa masa. Cakulan ya wanke ya sauka a kan kaya masu tsada. Abin da ya rage a gefen kai da saiwar gashi ya fito fili, fari fat.

 Sai wata murya daga baya ta ce, "Ashe kakan ma a kwano yake."

Wannan karon har Duba-gari sai da ta rufe baki da allon rubutunta.

Mai Shaguna ya tsaya yana ɗiga. Ya lashi leɓensa ba da niyya ba, ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Cakulan da kifi. A kaina. Ranar yaye 'yata."

"Baba," in ji Farfesa, wani ƙaramin ƙwan kumfa na bin maganar, "ka dai ga jama'a."

Sai da mutum uku suka riƙe dattijon.

Duba-gari ta yi rubutu shafi biyu, ta yage ta manna a ƙofa. Ta ce kafin la'asar kada ta ga ko ɓawon ayaba a shagon, in ba haka ba ta sa kwaɗo. Ba ta gama rufe biro ba sai ga Maman 'yan biyu ta ratso taron da mai kura a bayanta, don labari ya riga ya kai gida.  Ta shiga ta buɗe firij, warin ya buge ta, ta rufe, ta fito ta tsaya a gabansa.

"An nuna ka a talabijin ɗin?"

"Maman 'yan biyu, a gaban mutane..."

"A gaban mutane ka ci sabulu. Goge bakinka." Ta cire hular kwalin daga kansa ta miƙa wa Tela. "Ajiye masa, ko zai buɗe asibiti gobe."

Saura awa ɗaya a fara yaye ɗalibai, kuma duk yankin ba wani mai askin da ya san kan Mai Shaguna. Dole ya koma kan kujerar, ba labule, jama'a na leƙe. Aka dawo da wuta. Farfesa ya wanke kan sau uku, ya rage gashin ya bar shi da farinsa, askin ya fita tsaf. Dattijon ya daɗe yana kallon madubi. Mai shagon magani ta ce wallahi furfurar ta fi yi masa kwarjini, wasu suka ce haka ne. Ya ɗan gyara zama.

"Ba don kai zan bar ka a shagon nan ba," in ji shi. "Don kada ka je wani layin ka ce ni na kore ka, su tambayi dalili. Amma daga yau ko cingam ya shigo nan, ka kwashe kayanka. Tela, kai ne mai sa ido."

"Da ido biyu, Baba. Har da hanci."

Farfesa ya kwana uku a gida, cikinsa na kuka kamar injin markaɗe, ba ya cin komai sai busasshen biredi da ruwan zafi. Firij na tsakar gida a buɗe yana shan rana. 'Yan biyu in sun wuce shi sai su hura kumatu su fashe da dariya.

A rana ta huɗu da hantsi ya lallaɓa kicin neman ruwa, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Matarsa ce zaune a kan ƙaramar kujera, ta juya baya, da kwano a cinya. Ɗanyen mangwaro ta yayyanka, ta barbaɗa masa garin madara, ta matse lemon tsami, tana dangwalawa a cikin man ja tana ci har da lumshe ido.

Farfesa ya manta da ciwon ciki. Ya fita tsakar gida da gudu yana ihu.

"Jama'a ku fito! Ta karɓi gaskiya! Shekara tara tana zagina, yau ga ta ta zama ɗalibata!"

Maƙwabta suka leƙo ta taga. Tsohuwar da ke ɗakin ƙasa, wadda ta yi shekara talatin tana aikin unguwarzoma kafin ta yi ritaya, ta fito da sandarta ta tako har ƙofar kicin. Ta dubi kwanon. Ta dubi fuskar Maman 'yan biyu, ta kama hannunta ta juya tafin, ta saki.

"Ba ɗaliba ba ce," in ji ta. "Kai dai je ka kakkaɓe gadon jarirai."

Maman 'yan biyu ta tsaya da yankan mangwaro a hannu. Farfesa ya dubi kwanon. A hankali murmushi ya mamaye masa fuska, ya dafa ƙirji.

"Allahu akbar. Tun bai fito ba ya san haɗi. Wannan ni ya gado."

Maman 'yan biyu ta dubi kwanon da ke cinyarta, ta dubi mijinta, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku," ta ce. "Irinsa su biyu za su zama."